Sannu-Sannu da Motar da Ba Ta Faɗa Rami

Mijin yayata shekara ashirin da biyu ya yi yana jan babbar motar kamfani, bai taɓa take ko kaza ba. A garejinsu ba wanda ya san shi da wani suna sai Sannu-Sannu. Direbobi sukan ce in ka ba shi saƙon ɗanyen ƙwai, kafin ya isa an yi ƙyanƙyasa. Ni kuwa nakan ce masa ko jaki ne ya wuce shi a hanya sai ya waiwayo ya yi masa sannu. Shi kuma Injiniya yake ce mini, don na yi shekara ɗaya da rabi a makarantar koyon sana'a na fito da sukudireba ɗaya da surutu. Tun ranar da ya auri Yaya haka muke. Ban taɓa gaishe shi ban tsokane shi ba, bai taɓa amsawa bai rama ba.

Wata safiya yana sunkuye yana ɗaure igiyar takalmi, hawan jini ya kayar da shi. Ɓarin hagu ya tafi. Bayan mako uku a asibiti baki ya dawo daidai, ƙafa tana tafiya amma da ja, hannun kuwa yana nan a jiki kamar na aro. Manajansu ya zo dubiya, ya zauna a bakin kujera ya faɗi magana ba kwana-kwana: za a ajiye masa motarsa wata biyar. In wa'adin ya cika za a gwada shi a filin gareji, sau ɗaya. In ya ci, ga makulli. In bai ci ba, a ba wani. Motar nan Sannu-Sannu Tsohuwa yake kiranta, kuma Yaya ta sha cewa da mota tana iya girki da tuni an sallame ta ita.

Likitar gashin ƙashi ta ba shi wata 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ta ce ya zo wurinta sau biyu a mako. Ya ce shi ba jariri ba ne da za a ba shi abin wasa. Ta ce to ya nemi duk abin da zai sa yatsun su motsa. A nan na shigo. Lokacin ina taɓa aiki da yamma a shagon gyaran waya, safiya kuwa ni da iska muke gari. Ina da wani akwatin gem da aka yar, na farfaɗo da shi, shi ne kaɗai abin da na taɓa gyarawa bai sake mutuwa ba. Yaya ta ce in kawo shi. Na haɗa shi da talabijin ɗin falo, ƙarƙashin kalandar kamfani da hular aikinsa da ke rataye a ƙusa, na ɗora masa fad a cinya, wato abin da ake riƙewa ana dannawa. Na nuna masa cewa babban yatsan hagu shi ke juya komai. Ya kalli yatsan, ya kalle ni, ya ce ashe dai an samu abin da na ƙware a kai, zama.

A kamfaninsu akwai ƙa'ida. Duk direban da ya dawo daga tafiya sai ya cika takarda mai gida biyu, gefe ɗaya Lafiya, gefe ɗaya Gyara, ya miƙa a bakin get kafin ya tafi gida. Sauran direbobi "komai lafiya" suke rubutawa su wuce. Shi sai ya cika shafi, har da ƙarar da ya ji sau ɗaya a kan gada. Akwai ragowar littafin takardun a aljihun rigarsa, kuma hannun dama lafiya lau yake. Don haka duk gem ɗin da na saka masa, in mun gama sai ya sa tabarau ya cika masa takarda kamar mota.

Da ƙwallo muka fara. Na zuba masa tara ba ko ɗaya, Yaya tana harara ta daga ƙofar kicin, na ce ai ragi na yi masa saboda surukuta. A gefen Lafiya ya rubuta cewa ciyawa ta yi kyau, 'yan kallo suna ihu kamar gaske. A gefen Gyara ya ce mutum ɗaya yana juya mutum goma sha ɗaya, wannan ba ƙwallo ba ce, mulkin kama-karya ne. Ya ƙara da cewa alƙalin wasan bai taɓa kuskure ba, don haka wanda ya ƙera gem ɗin bai taɓa shiga filin ƙwallo ba.

Gem ɗin faɗa bai kai minti goma a hannunsa ba. Ya yaba cewa ba ya buƙatar tunani, ko ni zan iya. Amma da ya ga an yi wa ƙato dukan kawo wuƙa ya zube, aka buga ƙararrawa ya miƙe garau ko kumburi babu, sai ya ajiye fad ɗin.

"Ni sau ɗaya aka kayar da ni, Injiniya," in ji shi, "kuma har yau ba a buga mini ƙararrawa ba."

Na yi dariya, don ita kaɗai na iya. Yaya ta koma kicin ta buɗe famfo, ko da yake ba abin da take wankewa.

Gem ɗin harbi kuwa jiri ya sa shi. Duk da haka ya ba shi Lafiya ɗaya: yana koya wa mutum duba baya, kamar madubi. Gyaransa biyu ne. Na farko, duk waɗanda ake kashewa ba su da dangi, ba mai zuwa ɗaukar gawa. Na biyu, akwatin magani a yashe a ƙasa, ka taka shi ka warke nan take. Ya tambaye ni a wane kemis ake sayar da irinsa, in karɓo masa biyu. Akwai kuma na gona, wanda 'yan biyunsu ke so in sun dawo makaranta. Ya ce ba mai korar ka a ciki, wannan abin yabo ne, amma shuka tana nuna cikin minti uku, ruwa yana sauka da an danna, wanda ya yi shi bai taɓa sunkuyawa da fartanya ba. Ya buga shi kwana biyu shiru, rana ta uku ya ce in cire, gem ne na wanda ya haƙura da duniya, kuma ya ji ya fara jin daɗinsa.

A tseren mota ne na kusa shiɗewa. Aka ba da alamar tashi, motoci bakwai suka ɓace, mutumina yana tsaye yana neman madubi. Ya tambayi ina sigina. Na ce babu. Ya kama hannunsa na titi, ya rage gudu a kowace kwana, ya ƙi wuce kowa a kan tudu. Da ya iso an daɗe da raba kofi. Na ce masa ko a talabijin ma Sannu-Sannu ne. Ya ce ai shi kaɗai ya iso da fitilunsa biyu. A takarda ya yaba ƙarar inji, ya ce wannan kam an ɗauko ta daga inji na gaske, har ya ji jar motar tana son a sauya mata giya da wuri. A gefen Gyara ya rubuta: mutum takwas suna gudun mutuwa don su koma inda suka taso, ba kaya, ba mai jiransu. Ka daki bango ka ci gaba. Kada a bar matasa su gani.

Ana cikin wata na biyu wani mai kawo gyaran waya ya ba ni gem ɗin babbar mota. Ba tsere, ba harbi. A ba ka kaya, a ce ka kai wani gari, shi ke nan. Ni minti biyar na yi na fara hamma. Shi kuwa da allon ya buɗe ya ga cikin kan mota, ga sitiyari, ga madubai biyu dogaye, ga agogon mai, sai ya gyara zama ya ce a cire filon da ke bayansa. Ya kunna sigina ya ji tana ƙyas-ƙyas. Ya kunna waifa ba ruwa, ya kashe.

Takardar wannan gem shafi uku ta ci. Ya yaba madubi, ya yaba yadda bodi ke bin kai a kwana, ya yaba cewa in ka yi gudu ana cin tararka, in ka daɗe a hanya ido yana lumshewa sai ka tsaya. Ya ce wanda ya yi wannan ko dai direba ne ko ɗan direba. Gyara kuwa: titi ba rami ko ɗaya, ba warin dizal, kujera ba ta cin baya, kuma sitiyari ba shi da nauyi. Wannan na ƙarshen har layi ya ja a ƙarƙashinsa.

Matsalar ita ce yatsan. Yana son ya ɗan karkata, sai yatsan ya zarce. Yana son ya dawo, sai ya ƙi. Kwana tara motar tana faɗawa rami a kwanar farko bayan fita daga gari, ana zuwa da janwe. Rana ta goma ta kife da lodin gilashi. Ya kalli allon, ya ɗaga hannun hagun da na dama ya ajiye shi a kan cinya kamar kayan wani, ya ce in kashe. Washegari bai fito falo ba. Rana ta gaba ma haka. Yaya ta ce ko abinci sai ta yi da gaske, kuma ta same shi yana kallon hular nan ta ƙusa ta ƙofar ɗaki.

To ni na san abin da bai sani ba. A cikin saitin gem ɗin akwai wani wuri da ake kunna taimako. In ka kunna, motar da kanta take riƙe layi, ta gyara maka sitiyari in ka zarce, ta taka birki kafin kwana, kuma ba ta nuna cewa ita ce ta yi. Don yara aka yi shi. Na kunna duka, na shiga ɗaki na ce masa kamfanin gem sun aiko da saƙo, sun ce janwensu ya yi kewarsa. Ya zage ni, ya fito.

Ranar ya wuce kwanar farko. Ya wuce ta biyu. Ya kai lodin katako har garin da aka aike shi, ya yi ribas ya ajiye bodi tsakanin layi biyu. Ya kira Yaya da ƙarfi, "Maman 'Yan Biyu, zo ki gani." Ta zo da ludayi a hannu. Ya ɗaga babban yatsan yana juya shi a gabanta kamar wanda ya dawo daga tafiya. Na ce a raina gobe zan rage taimakon kaɗan, jibi in ƙara ragewa, har ya zama shi ke tuƙin bai sani ba. Dabara ce mai kyau. Sai dai gobe ta zo yana dariya, jibi ta zo ya ci abinci har da ƙari, ni kuma ban taɓa iya ɓata wa mutum rai da gangan ba sai da wasa.

Abin da ban lissafa ba shi ne irin mutumin da nake yi wa. Sannu-Sannu bai yarda da bakin mutum ba, amma ya yarda da mota. In mota ta ce masa lafiya, to lafiya ne. Ƙwallon roba ta gangara ƙarƙashin kujera, ba wanda ya ɗauko ta. Zuwa wurin likita ya koma sau ɗaya a mako, daga nan ya ce layin asibiti yana cinye masa lokacin tafiya. Yakan tashi da safe ya yi wanka, ya sa rigar aiki, ya zauna gaban talabijin ya yi awa huɗu a hanya. Da likitar ta kira ta ce hannun bai kai ba, ya ce da ita cikin ladabi ita ta san ƙashi, shi ya san sitiyari, kuma ya yi tafiya talatin da ɗaya ba ko ƙwarzane.

Ranar da wata na uku ya cika na shigo na tarar yana waya da Manaja. Yana cewa ba sai an jira wata biyar ba, Tsohuwa ba ta son dogon zama, batir zai mutu, a sa gwajin ranar Litinin. Na ji Manaja yana tambaya ko ya tabbata, don sau ɗaya ne. Ya ce ya tabbata. Kwana huɗu ina da su, kuma kowace rana na zo da maganar a baki sai in tarar Yaya tana goge rigar aiki, ko 'yan biyu suna rigimar wanda zai fara hawa Tsohuwa.

A motar haya, hanyar gareji, na gwada. Amma da yaren da na iya na gwada.

"Ka san motar gem ɗin nan akwai aljani a ciki mai taya ka tuƙi?"

"To aljanin ya fi ka amfani," in ji shi. "A ba shi takardar makarantarka."

Ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Na yi shiru na bar shi a haka. Wannan shirun nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Filin gareji faɗi ne da shi, ƙasa duk baƙin mai. An jera durom biyu, za a yi ribas a shiga tsakaninsu, sannan a zagaya fili sau ɗaya. Direbobi sun taru a inuwar rumfa suna ta yi masa kirari, wani yana cewa a kawo tabarma, gwajin Sannu-Sannu sai la'asar. Manaja da shugaban makanikai suna tsaye da takarda. Tsohuwa tana can an wanke ta. Ya ba ni sandarsa, ya zagaya motar yana taɓa kowace taya kamar mai gaisawa da dangi. Hawa matakala uku ya ɗauke shi lokaci, amma ya ƙi a taimaka.

Inji ya tashi. Na ga kansa ya juya madubin hagu, ya juya na dama. Sai motar ta yi tsalle ta mutu, ƙafar ta saki kuloci da wuri. Ya sake tayarwa. Wannan karon ta fara ja da baya a hankali, bodi ya nufi tsakanin durom ɗin. Wurin da ake son a karya sitiyari da sauri, hannun dama yana kan giya, sai na hango ta gilashi hannun hagu ya zame ya faɗo. Ya ɗora shi. Ya sake zamewa. Bodi ya fara karkata wajen durom na hagu, saura kamar taku biyu.

Bai taɓa shi ba. Birki ya yi tsaki, motar ta tsaya cak. Ya ja birkin hannu, ya kashe inji, ya zauna. Manaja ya ɗaga murya ya ce ya sake gwadawa, ba a fara ƙirgawa ba. Sannu-Sannu ya girgiza kai. Ya sauko da baya, mataki ɗaya-ɗaya, ya zo ya miƙa makullin da hannu biyu, na dama yana tallafe da na hagu.

"Ranka ya daɗe, durom ne yau," in ji shi. "A hanya ba durom ba ne."

A gida na faɗa masa, a falo, Yaya tana tsaye. Ban sa wasa ba, kuma sai na ji muryata kamar ta wani. Na faɗi ranar da na kunna, na faɗi abin da taimakon ke yi. Yaya ta ce wata biyu, wata biyu cur suka rage masa, da ya yi ta matsa ƙwallon nan wa ya sani. Ta faɗi wasu maganganun da ban musa ko ɗaya ba. Shi kuwa sai ya nuna talabijin da haɓa, ya ce in kunna, in kashe abin. Na kashe. Ya ɗauki lodi, ya fita daga gari, a kwanar farko motar ta gangara rami.

Ya sa tabarau, ya buɗe littafin, ya koma takardar gem ɗin. Ƙarƙashin maganar nauyin sitiyari ya ƙara layi ɗaya, na karanta daga inda nake: Tana gyara wa direba kuskure ba ta gaya masa ba. Kada a hau. Ya rufe, ya dube ni ya ce, "An gode, ƙanin Maman 'Yan Biyu. A sauka lafiya."

Kamfani ba su yar da shi ba. Sun ba shi kujera da tebur a bakin get, shi ke karɓar takardun Lafiya da Gyara daga direbobi. An ce yana mayar wa duk wanda ya rubuta "komai lafiya" da takardarsa. Tsohuwa tana hannun wani sabon direba mai saurin ƙafa, tana wuce shi sau biyu a mako. Mai gadin wurin ya gaya mini in ta fito ana murƙushe mata giya, Sannu-Sannu yakan sunkuyar da kai ya yi ta gyara takardun da ke gabansa har ƙarar ta ɓace.

Akwatin gem ɗin yana nan a falonsu, bai ce in ɗauke ba. Ya zaro ƙwallon roba daga ƙarƙashin kujera da kansa, yana matsawa a bakin get, ko da yake ba sauran gwajin da ke jiransa. Ranar hutunsa nakan je. Ina yin sallama ya amsa, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida, kamar baƙon da ya zo daga nesa. Na gwada tsokanarsa sau biyu, ya yi murmushi ya ce Allah ya shirya. Sai ya ɗauki fad, taimako a kashe, ni kuma in zauna a ƙasa kusa da sandarsa in yi shiru.

Makon jiya sai da ya kai kwana ta huɗu a titin kafin ya faɗa rami. Janwe ya zo. Na buɗe baki, na rufe. Wata bakwai ke nan ba wanda ya ce mini Injiniya.